Jakin Mati Mai Gurmi

Idan aka ce maka Mati na Unguwar Dinya manomi ne, an faɗi gaskiya, amma fa an yi masa kara. Gonarsa tana nan a gefen hanyar da ta tashi daga Bagwai ta nufi Bici, kuma ko a kan babur kake ba za ka kasa gane ta ba, don ita kaɗai ce kunyoyinta ke tafiya a karkace. Mutum ne da zai kama garma ya yi kunya biyu, sai wani kiɗa ya faɗo masa a ka, ya tsaya yana kaɗa yatsu a jikin ƙota har rana ta take. Matarsa, Iya Luba, ta yi faɗa har ta gaji. Shekara hamsin da ɗoriya tana cewa da ta sani da ta auri manomin kirki, shi kuma yana amsa mata da cewa manomin kirki ba zai iya sa ta rawa a bakin murhu ba.

Abin da Mati ya iya shi ne gurmi. Nan kam ba a yi masa kara, ya iya. Yana ɗan shekara goma sha biyar ya bi wani makaɗi mutumin Bagwai, ya yi rani bakwai yana binsa bukukuwa da filayen kokawa, sannan ya dawo gida da nasa gurmin: ƙaramar ƙwarya da aka rufe da fatar damo, da sanda, da tsirkiya biyu. Abu ne da za ka ɗauka da yatsu uku, amma in ya taɓa shi a bakin gona, mutanen unguwa uku ke sanin cewa yau akwai gayya.

A zamanin da ake gayya sosai, ba a fara noma a gonar kowa sai Mati ya iso. Kowane manomi yana da takensa, kuma Mati ne ya yi masa shi, daidai da halinsa. Mai saurin fushi takensa a guje yake. Mai nawa kuwa, sai ya yi masa wani take mai jan ƙafa, wanda in an kaɗa shi kowa sai ya yi dariya, har da mai shi. Akwai amininsa Ja'afaru, dogon mutum marar magana, wanda in ya ji nasa taken sai ya cire hula ya jefar, ya kama kunya ba ya ɗagowa sai ya dangana da iyaka. Mata masu kawo fura su yi ta guɗa. Mati kuwa yana bin bayan manoma yana taka rawa, bai sari ƙasa ko sau ɗaya ba, amma shi ake fara miƙa wa ludayi.

Bai tara komai ba. Damin gero da ake ba shi da kaka, da rigar sallah, da jaki ɗaya baƙi da ake kira Gardama, su ke nan. Wannan jaki kuwa, Allah ya kiyaye ka da irinsa. In ka ce ya yi gabas yamma zai nufa, in ka ɗora masa kaya ya kwanta, in ka juya baya ya sa kai a kwandon dawar Iya Luba. Mati kaɗai yake jin maganarsa, shi ma ba kullum ba.

Ɗan farin Mati shi ne Zubair, kuma bai biyo uban ba ko kaɗan. Mutum ne mai natsuwa, ya yi karatu ya sauke, ya dawo ya buɗe makarantar allo a zauren gidan. Tun yana yaro abokansa ke tsokanarsa da ɗan maroƙi, abin kuma ya zauna masa a rai. Bai taɓa ɗaga wa mahaifinsa murya ba, wannan kam kowa shaida ne. Sai dai da ya yi aure ya fara samun 'ya'ya, ya je ya durƙusa gaban tsohon ya roƙe shi abu ɗaya.

"Baba, don Allah kada a sa min yara a harkar kiɗa."

Mati ya dube shi, ya sosa gemu, ya ce, "Shi ke nan, Malam. Na yi maka alkawari, ba za ka taɓa jin ɗanka yana kaɗa gurmi a gidan nan ba."

Malam Zubair ya yi godiya ya tashi. Bawan Allah! Da ya san ubansa sosai, da ya tsaya ya auna kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya.

Ramlat ce ta uku a 'ya'yan Malam Zubair, kuma ita ce abokiyar faɗan kakanta. Shi yana kiran ta amaryarsa, ita tana ce masa ba ta auren tsohon da haƙoransa ba su cika goma ba. Tana 'yar shekara bakwai, wata rana da hantsi tana wanke kwanuka a bakin rijiya, sai ta kife wata tasa ta fara kaɗa ta da yatsu. Mati yana zaune a inuwar rumbu yana ɗinke igiyar Gardama. Ya saki igiyar. Taken Ja'afaru yarinyar take kaɗawa, ba ta tsallake ko gaɓa ɗaya ba, har da wani ɗan lanƙwasa da yake yi a ƙarshe wanda manyan makaɗa ma kan rasa.

"Ke amarya, zo nan. Wa ya koya miki wannan?"

"Wane ne zai koya min? Ba kullum kake damun mu da shi ba?"

Ya yi dariya har da tari. Da la'asar, lokacin da yaran unguwa suka cika zaure suna karatu da ƙarfi, ya ja ta bayan rumbu ya ɗora mata gurmin a cinya. Amma kafin ya miƙa mata, sai ya zare wani ɗan itace da ke tsaye a kan fatar, a ƙarƙashin tsirkiyoyin, ya soke shi a naɗin hularsa. Ɗan abu ne da bai wuce gaɓar yatsa ba, an sassaƙa shi daga ƙirya, ya yi baƙi yana sheƙi saboda daɗewa a hannu. A gurbinsa ya cusa ɗan tsumma da ya ninke.

"Mene ne wancan da ka cire, Kaka?"

"Jaki ke nan. Haka makaɗa ke kiran sa. Shi yake ɗauke da tsirkiya a gadon bayansa, shi yake kai murya cikin ƙwarya. In babu shi gurmi sai raɗa."

Gaskiya ya faɗa. Da ta taɓa tsirkiyar, wani ɗan sauti ne ya fito, dum-dum, wanda ko kazar da ke tono a gefensu ba ta ɗago kai ba. Ramlat ta tura baki ta ce ita ba ta jin komai. Sai ya kama ƙarshen sandar gurmin ya jingina mata a bayan kunne, ya ce ta sake. Nan ta ji shi, yana shiga mata ta ƙashi har cikin haƙora. Ta zaro ido. Shi kuma ya ɗora yatsa a leɓe.

Haka aka fara, haka kuma aka ci gaba. Mati ba ya koyarwa da tsawa, kuma ba ya cewa ɗaga wannan yatsa ka sauke wancan. Shi a wurinsa gurmi magana yake yi, don haka kowane kiɗa sai ya ɗora masa kalmomi. Zai ce, "Faɗi da baki tukuna: tuwo ya nuna, miya na wuta." Ta faɗa. "To, yanzu sa shi ya faɗa." In ta yi kuskure ya riƙe kai ya ce, "Wayyo, amarya ta ƙona miya!" In ta yi daidai ba ya yabo, sai dai ya zaro ƙuli-ƙuli daga aljihu ya ajiye mata a gwiwa kamar bai san ya yi ba. Wani lokacin ya zauna a bayanta yana kaɗa mata gudun kiɗan da yatsa a kafaɗa, har jikinta ya riƙe shi. Iya Luba tana ganin su daga bakin murhu, ba ta taɓa cewa uffan ba, sai dai in ta hango Malam zai shigo, ta hau ƙwala wa Gardama zagi da ƙarfi.

Sau da yawa Ramlat takan ce, "Kaka, yaushe za ka sa min jakin in ji hannuna?"

"Ba ki isa ba tukuna. Wannan da kike gani, maigidana ne ya ba ni shi ranar da ya yaye ni. Ba a ba wa mutum jaki sai ya isa. Ranar da kika isa, naki ne."

Ta gama firamare, ta gama sakandare, ta je kwalejin ilimi a Bici ta zama malamar makaranta. Ta auri wani tela mai suna Abdulbasit, suka kama haya a cikin garin. Duk Asabar tana zuwa gida gaishe da iyaye, kuma duk Asabar da la'asar tana bayan rumbu tare da kakanta da tsummansu. Shekara ashirin da biyu! Ta iya taken kowane manomi a unguwar, rayayye da matacce, ta iya kiɗan 'yan kokawa da na biki, amma ba ta taɓa jin hannunta a fili ba ko sau ɗaya. Abin yana cin ta, ba ta ɓoye wa mijinta ba. Sai dai ta fi jin nauyin mahaifinta a kan son da take yi wa kiɗan, don haka ta yi shiru.

Gayya ta ja baya a shekarun nan, kowa ya koma feshi da haya, bukukuwa kuma suka koma na manyan lasifika. Mati bai yi ƙorafi ba. Yakan zauna a ƙofar gida da hantsi ya yi wa masu wucewa kiɗa kyauta: mai tallan awara, mai gyaran famfo, ɗan acaɓan da ke kawo malaman firamare, duk sai da ya yi musu take. Har ma'aikaciyar allurar rigakafi tana da nata, kuma an ce shi ya sa ba ta taɓa tsallake unguwar ba.

Bara, wajen ƙarshen sanyi, ya kwanta ciwo. Kwana shida kawai ya yi. Ranar Asabar Ramlat ta zo ta same shi yana tsokanar Iya Luba cewa kunun da ta dama masa ya fi shi rashin lafiya. Ta koma Bici da kwanciyar hankali. Ranar Talata da hantsi, tana aji tana koyar da yara, ya kira Malam Zubair da Ja'afaru, ya yi musu 'yan maganganu, a ciki ya ce, "Jakina na Ramlat ne. Kada a hana ta." Kafin azahar ya cika.

Ramlat ta yi kuka sosai. Ba kakanta kaɗai ta rasa ba, ta rasa mutum ɗaya tak a duniya da ya san abin da hannunta ya iya. An yi zaman makoki, gidan ya cika, tsofaffin manoma suka yi ta zuwa daga ƙauyuka, kowa yana ba da labarin takensa, ana kuka ana dariya. Ba wanda ya yi mata zancen wasiyya a lokacin. Gurmin yana rataye a ɗakin Iya Luba, wadda ta shiga takaba.

Bayan sadakar arba'in, wata Lahadi da hantsi, Ramlat tana shanya kaya a tsakar gidan hayarsu a Bici, sai ta ji sallamar mahaifinta a ƙofa. Ta fito da sauri. Ga Malam Zubair tsaye, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, takalmansa sun yi futu-futu, yana riƙe da igiya. A ƙarshen igiyar kuwa, Gardama ne, yana cin takardar da aka manna a bangon shagon maƙwabci.

"Baba! Lafiya? A ƙafa ka zo?"

"Da ƙafa, da ja, da turi. Tun bayan asuba muke hanya, sau huɗu yana kwanciya." Ya share goshi. "Amana na kawo miki. Kakanki ya yi wasiyya a gabana da gaban Baba Ja'afaru, ya ce jakinsa naki ne, kada a hana ki. Na duba, bai kai sulusi ba, don haka babu mai ja da ke. Ga shi."

Ramlat ta dubi jakin, jakin ya dube ta. Maganar ta shige ta a hankali. Jakinsa naki ne. Ashe ta isa! Ashe tsohon nan bai tafi ba sai da ya yaye ta. Dariya ta taso mata tare da kuka, ta rasa wanda za ta fara yi, ta yi duka biyun a tsaye a ƙofar gida.

Malam Zubair ya tausaya mata. "Yi haƙuri. Ban san kina son dabbar nan haka ba."

Ya sha ruwa ya huta. Da zai tafi ya ƙara da cewa, "Af, gurmin nan ma na samar masa wuri. Wani Alhaji daga Kano yana tara kayan gargajiya yana ratayewa a bangon wani babban zaure, mutane suna zuwa kallo. Ya roƙa, na ce na ba shi. Tunda babu mai kaɗa shi a gidanmu, gara a adana shi. Ranar da Iya ta fita takaba zai zo ya ɗauka."

Me Ramlat za ta ce? Cewa kakanta ya yi shekara ashirin da biyu yana zagaye alkawari, ita kuma tana taya shi? Ta raka mahaifinta bakin titi ta sa shi a mota, ta dawo ta tarar Gardama ya fara cin ɗankwalin da ta shanya.

Wata uku jakin nan ya yi a gidan haya, kuma wata ukun nan 'yan gidan ba za su manta da su ba. Ya cinye zogalen matar mai gida tas. Ya ture tukunyar alalar wata maƙwabciya. Ya koyi yin kuka daidai lokacin da Abdulbasit ke auna wa mutum riga, har wani ya taɓa tsorata ya fice da tef a wuya. Yaran ajin Ramlat suka ji labari, suka laƙaba mata Malama Mai Jaki. Abdulbasit mutum ne mai haƙuri, amma ranar da Gardama ya tauna masa yadin shaddar wani ango, ya zo ya zauna gabanta.

"Ramlat, ni ban ƙi gadon kakanki ba. Amma ke kin san ba wannan ya ba ki ba, ni ma na sani. In kika yi shiru, gurmin zai tafi Kano ya rataye a bango har fatar ta tsage, mu kuma mu ƙare rayuwa da wannan bala'in. Ki je ki gaya wa Baba."

"Zai ce mun ci amanarsa."

"Wataƙila ya ce. Amma shi ma Kaka amana ya bar miki."

Ranar fitar takaba ta faɗo a farkon damina, gero ya fara kai idon sawu. Suka kama hanya da sassafe, Abdulbasit yana ja, Ramlat tana kora. Abin mamaki, Gardama da ya gane gida aka nufa, sai ya zama shi ke jan su. Kafin hantsi ya yi zafi sun shiga Unguwar Dinya.

Gidan yana cike da ƙamshin waina. Iya Luba ta yi wanka ta sa sabon zani, an ƙunsa mata lalle, mata suna ta shigowa yi mata barka. Tana hango jakin ta dafe ƙirji.

"La'ilaha illallahu! Wa ya dawo min da wannan?"

Malam Zubair yana zaune a kan tabarma a tsakar gida. Ya riga ya sauko da gurmin, ya goge shi, ya naɗe shi a farin ƙyalle ya ajiye a gefensa, don Alhajin ya ce zai iso bayan azahar. Ramlat ta cire takalmi ta durƙusa a gabansa. Ta gaishe shi, ta sake gaishe shi, har ta fara ta uku.

"Ramlat, mun gaisa. Me ya faru? Jakin ne ya gagare ki?"

"Baba, ba wannan jakin Kaka yake nufi ba."

"Ikon Allah. To jaki nawa gare shi?"

Ta kasa ɗago kai. Sai ga Iya Luba ta taso daga cikin mata tana kwance bakin zaninta. Ta warware ƙulli ɗaya, ta warware na biyu, ta zaro ɗan baƙin itacen nan ta ajiye a kan tabarma a tsakaninsu.

"Ga jakin. Wanda ake sa wa a ƙarƙashin tsirkiya. Da hannunsa ya ba ni ajiya daren Litinin. Kai Malam, ka tashi a gidan gurmi, ka yi furfura a gidan gurmi, ba ka san sunan kayan ubanka ba?"

Malam Zubair ya dubi itacen, ya dubi Gardama da ke can ya riga ya sa kai a kwando. "Iya, kin sani? Kina gani na kama igiya na tafi Bici a ƙafa?"

"Na sani mana. Ina takaba, ni da shiga rigima? Kuma maganar ba tawa ba ce, mai ita ce ya kamata ta buɗe baki." Ta gyara ɗaurin zani. "Sannan tsakani da Allah, dabbar nan ta ishe ni. Wata uku na samu na shanya dawata cikin kwanciyar hankali."

Matan da ke tsakar gidan suka kwashe da dariya, wata har da faɗuwa a kan 'yar'uwarta. Abdulbasit ya juya baya yana kallon katanga, kafaɗunsa na rawa. Malam Zubair kaɗai bai yi dariya ba. Ya juyo ga 'yarsa.

"Me za ki yi da shi? Kin iya ne?"

"Na iya, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun ina shekara bakwai. Ka yafe mana, ni da shi."

"Shekara bakwai," ya maimaita a hankali. "A gidan nan? Ni ban taɓa ji ba."

Iya Luba ta ce, "Ai abin da ya yi maka alkawari ke nan, ba za ka ji ba. Tsumma yake cusa mata. Ita kanta yarinyar ba ta taɓa jin hannunta ba."

Ramlat ta san in mahaifinta ya ce a'a, ba za ta yi masa musu ba, gurmin zai tafi, kuma shi ke nan. Malam Zubair ya ɗauki ɗan itacen ya jujjuya shi a tafin hannu. Sannan ya jawo farin ƙyallen ya warware, ya tura mata gurmin tare da jakin.

"Shekara ashirin da biyu ana yi min abu a bayan rumbu. To, yau in ji."

Ramlat ta ɗaga tsirkiyoyin ta tsayar da jakin a kan fata. Ta ja igiyar ɗauri, ta daidaita. Ta ce bismillah a ranta, ta taɓa.

Kai! Muryar da ta fito sai da ita kanta ta zabura, ta kusa sakin gurmin. Kaji suka watse. Gardama ya ɗago kai daga kwando. Ashe haka yake da ƙarfi! Ashe duk shekarun nan haka hannunta yake! Ta rasa abin da za ta kaɗa, duk take-taken da ke kanta suka gudu, sai yatsunta suka kama abin da suka fi sani: wani ɗan kiɗa mai sanyi da kakanta ke sa ta fara kowane darasi da shi. Bai taɓa gaya mata na wane ne ba, cewa kawai yake yi na ɗumama hannu ne. Ta kaɗa shi sau ɗaya, ta zagayo, muryar ta cika tsakar gida ta haura katanga. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa.

Da ta ɗago kai, sai ta ga mahaifinta ya rufe fuska da hannun riga. Ta tsaya cak.

"Baba, na yi laifi ne?"

Iya Luba ce ta amsa, ita ma muryarta ta canza.

"Taken Malam ne. Ranar sunansa kakanki ya yi shi. Yana ɗan shekara goma sha biyu ya zo yana kuka ya ce a daina kaɗa masa, yara na yi masa dariya. Tun ranar ban sake jin sa a fili ba. Ni na zaci ya bar shi."

"Bai bar shi ba, Iya," in ji Ramlat. "Kullum da shi muke farawa. Ko sau ɗaya ba mu tsallake ba."

Malam Zubair ya share fuska. Ya laluba aljihu ya ciro waya, ya daɗe yana neman lamba don idonsa ba ya gani sosai. Da aka ɗauka ya yi sallama, ya gaisa a tsanake yadda ya saba.

"Alhaji, don Allah a yi min afuwa, kada ka taso. Kuskure na yi. Kayan nan yana da mai shi."

Ya kashe wayar ya ajiye a kan tabarma. Ya gyara zama, ya tanƙwashe ƙafa, ya fuskanci 'yarsa sosai.

"Ɗauko shi daga farko, Ramlat. Kuma kada ki rage masa murya."